Zauren Kawu: jita mai fitila da tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo mini wannan watan daga Garwa, Marwa, Ngaundare har Injamena, kusan duk bakinsu ɗaya: jitar nan ta zamani mai batir da ake haɗawa da waya, wadda wata ma takan kunna fitila a wuyanta ta nuna wa mutum inda zai ɗora yatsa. Da alama bidiyonta ya zaga wayoyin samari. Ga wanda yau ne farkon shigowarsa zauren nan, gyaran rediyo da waya nake yi a unguwar Yelwa a Garwa. Jita kuwa tun ina saurayi nake riƙe da ita, kuma har gobe bayan la'asar ba a rasa yara uku ko huɗu a bencin ƙofar shagona muna fama da tsirkiya.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundare, ina zaune a Dang ɗaki ɗaya da abokina. Na tara jaka saba'in daga ɗan aikin da na yi lokacin hutu. Ina son koyon jita, ba ni da malami, ban ma taɓa riƙe ta ba. Na ga ana tallar wata ƙarama ta zamani, an ce cikin mako guda mutum zai iya kaɗa waƙa. In saya, ko in nemi ta katako?
Daga wani ɗalibi, Dang.

Amsa: Ɗana, jaka saba'in a hannun ɗalibi gumi ne, kada mu bari ta bi ruwa. Abin da mai talla bai gaya maka ba, suna ne ɗaya amma kayan iri-iri ne. Akwai wadda jita ce cikakkiya, da ƙoƙonta da tsirkiyarta shida, tana amo ko batir ya mutu, sai dai an dasa mata ɗan allo irin na waya a gefe, kamar Lava Me 3 da ake ƙerawa a Sin. Wannan ta fi ƙarfin aljihunka nesa ba kusa ba. Akwai guntuwa, wuya ne kawai da tsirkiyoyin gaske, ba ta da murya sai an haɗa ta da waya. Jamstik na farko, wanda wani kamfani na birnin Miniyafolis a Amurka ya fitar, haka yake, gaɓa biyar kacal gare shi. Gaɓa nake kiran tsakanin ƙarafan nan da aka gitta a wuyan jita, suka raba shi kamar rake. Irin wannan tana hira da waya ne da wani yare da ake kira MIDI, wanda kayan kiɗan lantarki ke amfani da shi tun 1983. Labari kawai take aikawa, cewa an taɓa tsirkiya kaza a gaɓa kaza da ƙarfi kaza, wayar ce ke fitar da sautin. Akwai masu fitila a wuya, har ma da zirin fitilu da ake sayarwa shi kaɗai, Fret Zealot, a liƙa shi a wuyan jitar katako. Sai kuma wadda ba ta da tsirkiya ko guda, irin LiberLive C1: ka danna da hagu, ka kaɗa ɗan harshe da dama, akor ya fito tas, wato sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa tare. Ina kyautata zaton ita ce ta "mako guda". Kuma ba ƙarya suka yi ba, da ita ko yau da dare ka raka waƙa. Amma ranar da aka miƙo maka jitar gaske a cikin mutane, za ka riƙe ta kamar an ba ka jaririn wani.

Bari in ba ka labarin abin da idona ya gani. Bara ɗan ƙanwata mai zuwa fatauci Dubai ya zo da mai fitila, ya bar mini ita mako shida. Akwai yaron mai shayin da ke maƙwabtaka da ni, shekararsa goma sha biyu, shi na fara ɗora wa ita a cinya. Fitila biyu suka kama, ɗaya a tsirkiya ta biyar, ɗaya a ta huɗu, duka a gaɓa ta biyu. Ya ɗora yatsu, ya kaɗa, akor ya fito. Kafin a kira magariba ya yi uku. Ni da na shafe wata guda kafin in haɗa ukun nan a zamaninmu, wallahi sai da na ji ɗan kishi. Kwana goma yana zuwa, manhaja tana yaba masa, ubansa yana kawo mini shayi kyauta. A na goma sha ɗaya sai na yanko baƙin salatif na gyaran waya na rufe fitilun, na ce masa, "To, ba ni na jiya." Yaro ya zuba wa wuyan jita ido, yatsunsa suna shawagi a sama kamar kaza na neman inda za ta yi ƙwai. Ko ɗaya bai tuna ba. Ashe duk kwanakin nan ido ne ke karatu, hannu ɗan rakiya ne.

Ban ƙwace ta daga hannunsa ba, tsarin na sauya. Kowane sabon akor, sau uku da fitila, sai a kashe ta ya nemo da kansa, sai kuma ya rufe ido ya nemo. In ya kuskure, ba na bari ya kunna fitila nan take, sai ya kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya ji wacce ce ke ƙarya. Cikin mako biyu abin ya zauna. Fitilar tana da rana, musamman ga irinka da ba ka da wanda zai kama maka yatsa ya ajiye inda ya dace. Sai dai ka riƙa kashe ta da wuri.

Ga shawarata a kan kuɗinka. Duk abin da za ka saya, ya zama mai tsirkiyar gaske, wadda za ta ci maka kan yatsa. Zafin nan na mako biyu zuwa huɗu na farko, kafin yatsu su yi kanta, babu manhajar da za ta ɗauke maka shi, kuma wanda ya koya a kan maɓalli ko roba mai laushi bashi ya ci, zai biya daga baya. In da ni ne kai, zan shiga gari in nemi jitar katako ta hannu mai lafiya, in sayi sabbin tsirkiyoyi, in sauke manhajar saiti irin GuitarTuna a waya. Wayar tana sauraro ta gaya maka ka ɗaure ko ka sassauta. Kusan rabin wayon da ake sayar maka a jitar zamani yana cikin aljihunka tuntuni. Wajen saye ka tafi da katin banki uku, ko wasu katuna masu kaurinsu, ka haɗa su ka zura tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfen gaɓa ta 12. Kowane kati bai cika milimita ɗaya ba, ukun sun ɗan haura milimita biyu. In sun shiga daidai, madalla. In suna lilo har akwai wurin wasu ukun, ajiye wa mai ita kayansa, wannan jitar ita ke sa yara su ce ba su da baiwa. Mai tsirkiyar nailan takan ɗan fi haka tsayi, kuma ta fi tausayin yatsa. Ka kuma ɗaga ta ka hango wuyan daga kai, kamar mai duba miƙewar katako, kada ya zama ya karkace.

In kuwa zaman ɗaki ɗaya da abokinka ya sa dole sai marar ƙara, to guntuwar mai haɗawa da waya ta yi, amma ka yi wa mai sayarwa tambaya uku kafin ka zaro kuɗi: manhajar tana aiki a kan irin wayarka? Tana aiki ba intanet? Darussan kyauta ne, ko bayan wata guda za a ce ka riƙa biya? Ka sa ya gwada a wayarka a gabanka. Gani ya kori ji.

Abu ɗaya zai rikita ka a farko. Mu da muka yi makarantar Faransanci mun san tsirkiyoyin da Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, daga mai kauri zuwa siririya, yawancin manhajojin kuwa haruffa suke rubutawa, E, A, D, G, B, E. Abu guda ne. Lissafi daga siririyar ake farawa, ita ce ta ɗaya. Wanda suke rubutawa Em, a bencina ƙaramin Mi muke ce masa, Am kuma ƙaramin La. Fara da su biyun nan. Daga ƙaramin Mi, sauko da yatsunka biyu tsirkiya ɗaya-ɗaya, su koma ta huɗu da ta uku, ka ƙara manuniya a gaɓar farko ta tsirkiya ta biyu, ka iso ƙaramin La ke nan. Sa agogo, ka ƙirga sau nawa za ka je ka dawo cikin minti ɗaya, ka rubuta a bayan littafinka. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Wata biyar ke nan ina koyo da jita mai manhaja. Na iya akor takwas, manhajar tana ba ni taurari kullum. Amma waƙoƙin cikinta duk na Turawa ne. Ranar sunan ɗan yayana an kawo mai garaya, abokai suka ce in bi shi, na rasa ta inda zan shiga, na ji kunya ƙwarai. Ina kuskuren yake?
Daga wani tela, Domayo, Marwa.

Amsa: Ɗana, wannan ce tambayar da na fi so a watan nan. Kuskuren ba naka ba ne, hanyar da aka ɗora ka a kai ba ta bi ta ƙofar gidanku ba. Manhajar an gina ta ne a kan waƙar da ake jera akor uku ko huɗu ana juyawa, mai waƙa yana tafiya a kansu. Mai garaya ba haka yake tunani ba. Tsirkiya biyu gare shi, ɗaya tana riƙe da gindin kiɗa, ɗaya tana zance. Ɗan gajeren kari ne yake maimaitawa yana yi masa ado, kuma yawancin kiɗanmu na wannan yanki a kan sauti biyar yake tafiya, ba bakwai ɗin do re mi ba. Da ka zo masa da akor mai tsirkiya shida, kamar ka shiga hirar mutum biyu da lasifika ne.

Ga inda za ka sami biyar ɗin: La, Do, Re, Mi, Sol. Kai hannunka gaɓa ta biyar. A tsirkiya ta huɗu da ta uku, gaɓa ta 5 da ta 7. A ta biyu da ta ɗaya, gaɓa ta 5 da ta 8. Tsirkiya ta biyar kuwa bar ta sake, ba a danna ta, La ce da kanta. Babban yatsanka na dama ya riƙa bugunta a kai a kai kamar taɓarya a turmi, manuniya kuma tana tsintar sauran. Da farko hannun zai yi maka gardama, babban yatsa zai tsaya duk lokacin da manuniya ta motsa. Ka sa agogon kiɗan da ke cikin manhajar a kan bugu 60 a minti, ka yi babban yatsa shi kaɗai har ka iya hira da wani yana tafiya bai tsaya ba. Sannan ka shigo da sauti ɗaya tak.

Sai aikin kunne, wanda shi ne gaskiyar maganar. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Kuka na hawaye da kuka ta miya, harafinsu ɗaya, muryar ce ta raba su: na farko a sama yake tafiya har ƙarshe, ta biyu ta hau ta sauko. Abin da ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum ke nan, kuma karin waƙarmu yakan bi hawa da saukar kalmomin. To sa jitarka ta ce kuka, ta kuma ce kuka. Sa ta kira sunanka, ta yi sallama, ta tambayi kwanan gida. Yaran bencina dariya suke yi in na ba su wannan aikin, amma wanda ya yi shi mako guda, in ya ji waƙa a rediyo sai ka ga yatsunsa sun fara lalube da kansu.

A nan ne na'urarka za ta yi maka amfanin da mu ba mu samu ba. Je ka wurin mai garayar nan, ka gaishe shi da ɗan goro, ka nemi izini ka ɗauki minti biyu na kiɗansa a waya. Akwai manhajoji da ke rage gudun kiɗa zuwa rabi ba tare da muryar ta sauya ba. A zamaninmu kaset muke mayarwa baya da biro har zaren ya tsinke. In jitarka tana da abin nan mai naɗar ɗan kari ya riƙa maimaita shi, naɗi bugun babban yatsa, ka bar shi yana juyawa, kai kuma ka yi ta zance a kansa. Da wuya saitin garayarsa ya faɗa daidai kan La ɗinka, don shi da kunne yake ɗaurewa, ba da waya ba. Kai ne za ka bi shi: nemo sautin gindin kiɗansa a tsirkiya mai kauri, ka matsar da hannunka gaba ɗaya zuwa can.

Taurarin nan kuwa kada su ruɗe ka. Abu biyu manhaja ke aunawa, ka taɓa sautin da ta rubuta, kuma ka taɓa shi a lokacin da ta rubuta. Jan tsirkiya, da zamewar yatsa, da ɗan jinkirin nan da ke sa tsofaffi gyaɗa kai, duk kuskure ne a wurinta. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya yi suna har ya rasu a 2015. Ali Farka Toure na Niyafunke a Mali da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya ya fara, abin da ya koya can ya kwaso ya zuba a jita. Kai ma ɗan Marwa ne, ka san a garinku ƙungiyar Los Camaroes ta tashi a ƙarshen shekarun 1960? Mai jitarsu, Messi Martin, shi ya yi dabarar cusa abu tsakanin tsirkiyoyi ya kashe musu amo, har jita ta riƙa magana kamar balafon, abin kiɗan nan na jerin katakai da ake bugawa da sanda, kiɗan bikutsi na kudancin Kamaru a kan jitar lantarki ya samo hanya daga nan. Gwada da kanka, ƙyallaye ba su yi maka wuya ba: zura siririn ƙyalle ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da inda aka ɗaure su a ƙoƙo, ka ji yadda muryar za ta gajarce ta matso kusa da ta garaya.

Tambaya: Kawu, ni a Injamena nake, kullum ina ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusuri a babur. Jitata mai batir ce, ina goya ta a baya don in riƙa taɓawa in kasuwa ta yi sanyi. Yanzu caji ba ya daɗewa, kuma ƙarafan wuyan sun fara yankar mini hannu. Ta lalace ne?
Daga wani ɗan kasuwa, Injamena.

Amsa: Malam, nan ka zo fagena. Ciwo biyu ne, kowanne da sanadinsa. Batirin irin na waya ne, litiyom, kuma babban maƙiyinsa zafi. Masu ƙera shi ba su yarda a yi masa caji in ya wuce digiri 45 ba. Ka san yadda Afrilu take a garinku, inuwa ma tana haura 40, balle baƙar jaka a bayan mai babur da tsakar rana, ko rumfar kwano. In ka iso, buɗe jakar ka bar ta ta huce kafin ka jona. Caji da dare ko da asuba ya fi. Kada ka bar ta a jone in an ɗauke wuta, don dawowar wutar ce ke ƙona kaya, rabin abin da ke kan teburina ke nan. Gara ka cika fawa banki, ita kuma ka ba ta daga nan. Kada ka riƙa bari sai ta mutu murus. In ka ga murfin wurin batir ya ɗago ko ya kumbura, daina caji nan take ka kai wa mai gyara, kada ka huda, kada ka danna. Batirin da ya riga ya gaji ba ya dawowa, sai sauyi. Shi ya sa nake ce wa masu saye su duba ko ana kwance shi da sukurdireba ko liƙe shi aka yi.

Ƙarafan da ke yankarka kuwa aikin hunturu ne. Katakon jita ya fi son iska mai laima kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, namu hunturun kuwa yakan sauka ƙasa da 20. Katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, sai bakinsa ya leƙo. In aka ƙyale, fuskar ƙoƙon ma tana iya tsagewa. Maganin ba tsada: nemi robar ajiye sabulu, ka huda murfin, ka jiƙa soso ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a ciki, ka ajiye cikin jakar jitar wajen wuya, nesa da wurin batir, ka zuge. Duk kwana biyu ka sake jiƙawa. Da damina ta sauka ka cire. In bakin ƙarafan bai koma ba, a goge su da ƙaramar zarto a hankali, bayan an rufe katakon da salatif. Jitocin da aka yi jikinsu da baƙin zaren nan na kabon maimakon katako ba ruwansu da wannan ciwon, shi ne babban abin da na yaba musu a ƙasarmu.

Ramin caji kuma ƙura ce ke toshe shi, tsinken sakace ya ishe ka, ban da allura. Ka riƙa goge tsirkiyoyi da ƙyalle duk ka gama, gumi ke sa su tsatsa.

Tambaya: Kawu, ni uwa ce. Ƙanena ya kawo wa ɗana irin wannan jitar tsaraba. Yaron bana zai rubuta BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yanzu sai ya toshe kunne ya shige ɗaki har sha biyun dare, ba ma jin komai balle mu san abin da yake yi. Mahaifinsa ya ce mu ba gidan makaɗa ba ne, a mayar wa mai ita. Yaron ya daina cin abinci sosai. Yaya zan yi?
Daga wata uwa, Garwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana su. Maganar halacci ko rashinsa ta malamai ce, ni mai gyaran rediyo ne, kuma hukuncin gida na maigida ne, ba zan shiga tsakaninku ba. Amma na san zafin da yaron ke ji. Jitata ta farko da galan ɗin mai da sanda na haɗa ta, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taka ta da ƙafa a tsakar gida. Ban daina ba, ɓoyewa na koya, kuma abokan da na samu a wurin ɓoyon ba su ne zai zaɓa mini ba. Wannan kaɗai nake so ki isar wa Alhaji, a lokacin da ransa ke sanye, ba a gaban yaron ba.

In ya sassauta, ga abin da na ga yana aiki. Jitar ta kwana a ɗakinki. Rabin awa bayan la'asar, a tsakar gida inda kowa ke gani, bayan an nuna miki aikin makaranta. Yawancin manhajojin nan suna rubuta mintocin da aka yi ana koyo kowace rana, ki ce ya buɗe miki wurin. In ya shige ɗaki awa uku, manhaja ta ce minti ashirin, to ba jita ce ke cin darensa ba, waya ce, kuma wannan wata maganar ce daban. A sauke darussan tun da rana, a kashe data lokacin koyo. Ki kula da kunnensa: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙarar abin sawa a kunne ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'ura. In kina tsaye kusa da shi kina jin abin da yake ji, ya yi yawa. Da jarrabawa ta rage wata guda, a rataye ta sai an gama, ki kuma gaya masa ranar da za a sauko da ita, don ya san ajiya ce ba ƙwace ba. Rashin cin abincin in ya wuce 'yan kwanaki kada ki ɗauke shi fushi kawai, ki zaunar da shi ki ji cikinsa, ko ki sa kawun nasa da ya kawo tsarabar ya zo su yi magana.

Tambaya: Kawu, in na kaɗa sai sautin ya makara kafin ya iso kunnena. Sannan ni bahaguwa ce, in juya jitar ko in koya da dama?
Daga wata ɗaliba, Garwa.

Amsa: 'Yata, na tabbata abin kunnenki marar waya ne. Bluetooth yakan riƙe sauti kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya sako shi. A kallon fim ba a damuwa, a kiɗa kuwa ya isa ya ɓata miki bugu gaba ɗaya. Nemi mai igiya, ko na ɗari biyar ne, ki soka kai tsaye.

Hagu ba aibi ba ce. Mdou Moctar na Nijar bahago ne, jitarsa ta farko ma da wayar birkin keke ya haɗa ta, ga shi yau yana zaga duniya. Gwada duka biyun kwana uku-uku, hannun da ya fi riƙe bugu ba ya tuntuɓe shi za ki ba kaɗawa. In hagun ce ta ci, duba cikin saitin manhajar ko akwai wurin juya hoton wuyan domin bahagwai, da yawa suna da shi. Amma mai fitila da mai allo a gefe ba kowacce ke juyuwa ba, wata in kin kifa ta allon sai ya koma kan cinyarki. Ki kawo ta shago ranar Asabar bayan la'asar in duba, ki taho da yayanki.